Alice Salomon da makarantarta: taimakon mutane sai an yi karatunsa?

Rabi_Zariya2:
Assalamu alaikum iyaye da yayye na wannan zaure. Ina shekara ta biyu a karatun aikin sosiyal, kuma an ba rukuninmu aikin gabatar da tarihin wata Bajamushiya, Alice Salomon, saboda ranar ma'aikatan sosiyal ta duniya da ake yi Talata ta uku a watan Maris. An haife ta a Berlin a 1872, a gidan Yahudawa ƴan kasuwa masu rufin asiri. Tana shekara 15 aka ce karatu ya ƙare, ta zauna gida jiran miji, don haka ake yi wa ƴan matan gidajen masu hali a lokacin. A 1893 ta shiga wata ƙungiyar ƴan mata da matan aure masu zuwa taimako unguwannin talakawa. Da shugabar ƙungiyar, Jeanette Schwerin, ta rasu a 1899, ita ta gaje ta, kuma a shekarar ta buɗe kwas na shekara ɗaya don horar da masu wannan aiki. A 1908 ta kafa cikakkiyar makaranta ta mata a unguwar Schöneberg, karatun shekara biyu, ana haɗa zaman aji da fita cikin jama'a. Makarantar tana nan har yau, ta zama babbar makaranta mai ɗauke da sunanta.

Abin da ta tsaya a kai duk rayuwarta shi ne tausayi kaɗai ba ya isa, mai shiga rayuwar talaka da sunan taimako dole ya san doka, ya san lafiya, ya san tattalin arziki da tarbiyyar yara. Ni na yarda da ita. Amma da na faɗa wa kawuna sai ya ce, "Taimakon bayin Allah ma sai an je lakwal?" Shi ne na kawo maganar nan. Mu a Maradi, muna bukatar ƴan sosiyal masu takarda, ko abin da muka gada ya ishe mu?

Alhaji_Bagalam:
Wa alaikumus salam ɗiyata. Kawunki ya faɗi gaskiya. Mu da munka tashi cikin garin ga, ba mu san wani ofishin sosiyal ba, kuma maraya bai kwana da yunwa ba. In mutum ya rasu ƙanenshi ya kwashe ɗiyan. In gobara ta ci gida, kafin a yi la'asar maƙwabta sun haɗa hatsi da tufafi. Mai unguwa ya san gidan da ba a ɗora tukunya ba, liman ya sani. Su Turawa zumunci ne ya mutu musu shi ya sa sunka gina mishi makaranta.

Mushe_Tibiri:
Alhaji, Allah ya ƙara girma, akwai gaskiya a ƙarshen maganarka, sai dai ba mutuwar zumunci ce kawai ba. Berlin ta cika da mutanen da suka baro ƙauyuka suka zo aikin masana'antu, iyali guda a ɗaki ɗaya, uwa tana fita aiki tun asuba, ba kaka ba gwaggo kusa. Dubi sababbin unguwannin bayan gari a nan Maradi ka gaya mini ko ba mu kama hanyar ba.

Rabi, ki ƙara wannan cikin aikinku. Matar nan ba ta da takardar gama sakandare, abin da mu za mu ce bak, amma ta shiga jami'ar Berlin a 1902 a matsayin mai sauraro, ta fito da digirin dakta a 1906. A lokacin ƙasar Prusiya ba ta fara ɗaukar mata a matsayin cikakkun ɗalibai ba, sai a 1908. Kuma binciken da ta yi a kan dalilin da ya sa ake biyan mace ƙasa da namiji ne. Wannan ya nuna miki irin kanta. Ba ta tsaya ga miƙa kwanon abinci ba, tana tambayar abin da ya sa kwanon gidan ya zama wayam.

Nafi_Mokoyo:
Masha Allah, yau na fara jin sunanta. Allah ya ba da sa'a ƙanwata.

Hajiya_Asistan:
Rabi ɗiyata, sannu da ƙoƙari. Alhaji, ina gaisuwa. Ni wannan aiki na yi har na yi ritaya, bari in ba ku abu ɗaya da ya faru a hannuna, ku auna da kanku.

Shekarar yunwar 2005, kowa a garin nan ya tuna yadda wuraren kwantar da yara masu tamowa suka cika. Akwai wata mata daga wani ƙauye kudu da nan, yaronta ya fara farfaɗowa, kumburin ƙafa ya saɓe, sai aka wayi gari ta goya shi ta gudu. Kowa ya hau zaginta, wai ba ta da imani, wai jahilci. Masu zagin nan mutanen kirki ne, wasunsu kwana suke a tsaye kan yaran. Aka ce in bi ta.

Na same ta a gona da hauya, yaron kwance a gindin gawo, an shimfiɗa masa ɗankwali. Ban fara da maganar asibiti ba. Na gaishe ta, na sha ruwan da ta miƙo mini, na zauna sai da ta kai ƙarshen kunya. A hankali magana ta fito. Mijin ya tafi ci-rani Najeriya tun bayan girbi, ba aike ba labari. Ta bar yara uku hannun kishiya, su kuma ba sa ga maciji da juna. Labari ya same ta a asibiti cewa babbar ɗiyarta mai shekara kamar tara ita ke daka da ɗebo ruwa, ƙaramin kuma ya fara zawo. Ga damina ta sauka, in ba ta yi noman farko ba a makon nan, baɗi ma yunwa ce. Lissafi ta yi: ɗa ɗaya a gadon asibiti, uku a gida, da gonar da za ta ci da su duka.

Da na koma da buhun hatsi kawai, da ta yi godiya, yaron kuma ya mutu. Abin da aka yi shi ne, na je wurin mai gari ya sa samari suka yi mata gayya, na nemo yayarta a wani ƙauye ta zo ta riƙe yaran, na roƙi likita a sallame ta da wuri a mayar da yaron tsarin karɓar abincin gyaɗa na leda mako-mako a ƙaramin asibitin kusa da su. Na rubuta komai, na koma na duba. Kowane mataki a cikin waɗannan an koya mini shi a aji. Ita Alice Salomon ta fitar da littafi a 1926 a kan wannan binciken halin iyali kafin a yanke abin da za a yi, ta ɗauko hanyar daga Mary Richmond ta Amurka wadda ta yi nata a 1917. Har yau a kansa ake tafiya.

Alhaji_Bagalam:
Allah shi saka miki Hajiya. Amma tsakani da Allah, abin ga da kinka yi, tsohuwa mai hankali ba ta iya yi nai? Zama da mutum da jin kukanshi ai ba a allo ake rubuta shi ba.

Hajiya_Asistan:
Tana iya rabinsa, Alhaji, wani lokaci ma ta fi ni iya zaman. Amma ba ta san akwai tsarin sallama da wuri ba, ba ta da bakin magana da likita, kuma in ta dawo gida labarin matar nan da kishiyarta zai zaga unguwa kafin magariba. Ungozoma ta karɓi haihuwar rabin garin nan, ba mai raina ta, amma ranar da jini ya ɓalle wurin sajfam, ungozomar asibiti, ake gudu. Ni ban ce a kori tsofaffi ba. Na ce akwai ranar da hankali kaɗai ba ya fitar da mutum.

Sani_Injiniya:
To ita ce ta fara buɗe irin wannan makaranta a duk duniya kenan? Abin mamaki, mace a wancan zamani.

Mushe_Tibiri:
@Sani_Injiniya a'a, ba ita ce ta farko a duniya ba. A New York an fara kwas na bazara a 1898, a Amsterdam kuma an buɗe makaranta a 1899. Kusan lokaci ɗaya abin ya tsiro a wurare da dama. Inda ta yi fice shi ne haɗa kan makarantun. A 1917 ta tara na Jamus a inuwa ɗaya don su daidaita abin da ake koyarwa, a 1925 ta kafa wata cibiya ta sama don horar da waɗanda za su shugabanci aikin da koyar da shi, har da sashen binciken rayuwar iyali. Wato ta yi tunanin wa zai koyar da masu koyarwar.

Malama_Limanci:
Ina karanta ku tun ɗazu. Ni abin da ke damuna, kullum in za a kawo misali sai an haye teku. Nana Asma'u ɗiyar Shehu Usmanu ta rasu a 1864, shekara 8 kafin a haifi wannan Alice. Ita ma horar da mata ta yi, ba ta bar abin ga tausayi kawai ba. Takan zaɓi dattijuwa mai mutunci daga ƙauye, ta koyar da ita, ta ɗora mata malfa da jan rawani, ta zama jaji. Jajin nan ta koma ta karantar da mata ta hanyar waƙoƙi da Hausa da Fulatanci, su kuma matan da aka karantar, da ake kira Ƴan Taru, su duba marar lafiya, su taimaki mai jego, su yi wa gawa sutura. Akwai zaɓe, akwai horo, akwai alamar izini, akwai komawa wurin malama lokaci-lokaci. In wannan ba makaranta ba ce, mece ce? Rabi, in malaminku ya yarda, ki sa sunanta gefen na Bajamushiyar.

Bagobiri_na_Inna:
Malama, kin tafi Sakkwato kin bar gida. Mu nan Tibiri muna da Inna, fadar Maradi tana da Iya, sarautun mata ne, tun kafin jihadi mata suke kai kukansu wurin masu riƙe da su. Matar da ta gudo daga gidan miji, wadda ciwon hauka ya kama, duk akwai ƙofar da suke bugawa. Kakanninmu da suka ƙi bin Sakkwato ba a jeji suka bar matansu ba.

Malama_Limanci:
Ban musa ba ɗan'uwa, sarauta ce mai daraja. Amma sarauta daban, horar da ma'aikata daban. Tambayar Rabi a kan horo take.

Admin_Lawali:
Jama'a, yaƙin Gobir da Sakkwato an gama shi tuntuni, don Allah kada a taso da shi nan. A koma kan tambayar yarinya.

Rabi_Zariya2:
Na gode Malama, zan kai wa malaminmu maganar Nana Asma'u, ta shige ni sosai. Bari in ƙarasa muku tarihin, don ƙarshensa ne ya hana ni barci. A 1932 da ta cika shekara 60 aka karrama ta, jami'ar Berlin ta ba ta digirin girmamawa, gwamnati ta ba ta lambar yabo, aka sa wa makarantar sunanta. Shekara ɗaya bayan haka Hitler ya hau mulki. Aka raba ta da duk muƙamanta saboda asalinta na Yahudawa, duk da cewa ta koma addinin Kirista tun 1914. Cibiyar nan da Mushe ya ambata, da hannunta ta rufe ta a 1933 don kada ta faɗa hannun ƴan Nazi. Ta koma taimaka wa abokan aiki da ake kora su samu hanyar fita ƙasar. A 1937 ƴan sandan ciki na Gestapo suka kira ta suka yi mata tambayoyi, suka ba ta mako uku ta bar Jamus ko a kai ta sansanin tsare mutane. Tana da shekara 65. Ta bi ta Ingila ta tafi Amurka. A 1939 suka soke mata zama ƴar ƙasa, suka ƙwace digirorinta. A New York ba ta samu aikin da ya dace da ita ba, can ta rasu a 1948. Ba ta taɓa aure ba, ba ta bar ɗa ba.

Nafi_Mokoyo:
Innalillahi. Wadda ta ƙare rayuwarta kan marasa gata, ita ma ta mutu ƴar gudun hijira.

Mushe_Tibiri:
Kuma ba da Hitler abin ya fara ba. Tun bayan yaƙin duniya na farko an so ta shugabanci babbar ƙungiyar matan Jamus, aka tsallake ta saboda asalinta aka ba Marianne Weber. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne makarantun ba su rufe ba a zamanin Nazi, sun ci gaba da yaye ɗalibai. Ma'aikata masu takarda ne suka riƙa cike fam na wane iyali ya cancanci taimako, wane ne za a hana haihuwa. Don haka Alhaji yana da abin riƙewa a nan. Takarda a hannun marar tsoron Allah ta fi jahilci ɓarna, domin shi ya san inda kowa yake kwana.

Ustaz_Sabongari:
Assalamu alaikum. Ina so in gyara wani zato, cewa mayar da taimako sana'a al'adar Turawa ce. Ku duba Suratut Tauba aya ta 60, inda aka lissafa mutum takwas da ake ba zakka. Na uku su ne ma'aikatanta, masu tattarawa da rabawa. Allah da kansa ya yanka musu rabo, ma'ana aiki ne da ake ɗaukar mutum a biya shi. Malaman fiƙihu kuma sun sa sharaɗi ya zama amintacce, ya san hukunce-hukuncen abin da aka ɗora masa. Sayyidina Umar ya kafa diwani, aka rubuta sunayen mutane da abin da kowa zai samu daga baitulmali, har jarirai. Amana da ilimi tare aka nema, ba a ce a zaɓi ɗaya ba. Yadda muke yi yanzu, attajiri ya tara mata a ƙofar gida cikin rana a yi ta turereniya, mai ƙarfi ta samu sau biyu, mai kunya tana ɗaki ba ta fito ba, wannan ba shi ne tsarin Musulunci ba.

Alhaji_Bagalam:
Malam, wannan karatu na karɓe shi. Mai kunyar ga da ka ambata, ita ce ta fi damuna ni ma duk azumi.

Ibro_Diplome:
Ku yi haƙuri in shigo da ɓacin rai. Duk wannan magana mai daɗi ce, amma ni na gama karatun nan, na yi sabis sibik, wato bautar ƙasa, ga ni zaune ina kabu-kabu. In proje ya zo a ɗauke ka wata shida, kuɗi su ƙare a ce sai an kira ka. Iyalan da ka fara bi, ka san sirrinsu, sun saba da kai, shi ke nan ka ɓace musu. Inda na yi staj, wato koyon aiki, mutum ɗaya ne ke riƙe da ofishin, babur ɗinsa ba mai, takardar rubuta rahoto ma da kuɗinsa yake saye. Rabi, ba ina kashe miki gwiwa ba ne ƙanwata, amma ki shiga da ido buɗe. Ita Alice ɗin ai ƴar masu kuɗi ce, ba ta jiran albashi.

Hajiya_Asistan:
Ibro ɗana, Allah ya buɗa maka. Abin da ka faɗa na yankewar aiki shi ne babban ciwon. Yaron da aka raba da gidan da ake azabtar da shi, bin sa ake shekara da shekaru, ba wata shida ba. Amma ka sani ita ma ta yi wannan faɗan. Farkon ɗalibanta ƴan sa-kai ne, ƴaƴan masu hali. Daga baya aka kai ga gwamnati ta amince da takardar, aka fara ɗaukar su aiki da albashi. Ba a rana ɗaya aka samu ba.

Maman_Asusu:
Ni ban yi lakwal mai zurfi ba, ɗiyata ce ke rubuta mini. Ina cikin ƙungiyar asusu ta Mata Masu Dubara tun ina amarya. Ku tuna a jihar Maradin nan aka fara ta a 1991 tare da ƙungiyar CARE, yau ga shi ana yin irinta a ƙasashe da yawa. Adashi mun san shi tun kakanni, ba wanda ya koya mana. Amma sai da aka zo aka zauna da mu aka koya mana dokar ƙungiya, yadda ake zaɓen shugaba da ma'aji, yadda ake ba da bashi a biya da ɗan ƙari, da asusun taimako daban na rashin lafiya da mutuwa, sannan abin ya tsaya da ƙafarsa. Wadda ta koya mana ƴar ƙauye ce irinmu da aka horar, ba ta da babbar takarda. Da mijin wata a cikinmu ya kwanta ciwo, daga akwatin nan aka kai shi asibiti, ba ta roƙi kowa ba. To ni a ganina horo dole ne, amma ba dole sai na shekara uku da Faransanci ba.

Mushe_Tibiri:
Maman_Asusu ta taɓo wani abu. Tsarin da muke bi daga Faransa muka gaje shi. Can aka kafa takardar asistan sosiyal a 1932, a 1938 aka haɗe ta da ta ma'aikatan jinya masu ziyarar gidaje. Shi ya sa har yau a ƙasashenmu ɗan sosiyal yake manne da asibiti a tunanin mutane, ana ganinsa mai sa hannu a takardar marar galihu don a rage masa kuɗin magani. Ɗalibi ya yi shekaru yana karanta misalan iyalin da ke da mata ɗaya da yara biyu, ya fito ya tarar da gida mai mata huɗu, da suruka, da almajirai a zaure, kuma duk aikin da Hausa zai yi shi. Ita Salomon daga titunan Berlin ta gina darasinta. In za mu yi koyi da ita, daga Maradi za mu gina namu: auren wuri, yoyon fitsari da ake yi wa aiki a Danja, almajirci, mazan da ke tafiya ci-rani, rabon gado.

Sani_Injiniya:
Tambaya: me ya sa makarantar tata ta mata ce zalla? Maza ba su da tausayi ne?

Rabi_Zariya2:
Yaya Sani, a lokacin ita da ƙawayenta sun ɗauka aikin kula da mutane ya fi dacewa da mace, kuma suna neman ƙofar da mace za ta fita ta yi sana'a da mutunci, don sauran ƙofofin a rufe suke. Sai bayan yaƙin duniya na biyu aka fara ɗaukar maza a makarantar.

Zabbau_Gidan_Rumji:
A nan kam ban bi ta ba. Da aka ce aikin mata ne, shi ya sa aka raina albashinsa har yau, ita da ta yi bincike kan ƙarancin albashin mata. Kuma a ƙasarmu in ba namiji a cikin aikin, rabinsa ba ya yiwuwa. Wa zai zauna a fada da magidanta ya yi musu maganar barin mace ta je awo? Makarantar mazaje, inda magidanta ke zama su tattauna lafiyar matansu, da aka fara a jihar Damagaram ai don haka aka yi ta, kuma mun ga amfaninta.

Sannan ina so in goyi bayan Hajiya kan maganar sirri. Tun 2019 da mutanen Zamfara da Sakkwato da Katsina suka fara tsallakowa yankinmu saboda ƴan bindiga, na ga taimako iri-iri. Mutanen ƙauyukanmu sun yi abin da ba a taɓa mantawa, sun buɗe gidajensu da rumbunansu kafin wata mota ta iso, wannan shi ne zumuncin da Alhaji yake faɗa kuma gaskiya ne. Amma na ga wani mai kyauta ya zo da shinkafa, ya tsayar da wata mata da aka yi wa fyaɗe ta ba da labarinta gaban jama'a yana ɗauka da waya, da yamma ga ta a Facebook. Niyyarsa a tara mata kuɗi. Matar nan ba ta ƙara zuwa rijiya da rana ba, daga baya ta bar garin. Wanda aka horar, abin da ake fara koya masa kenan: a keɓe, da mace ƴar'uwarta, ba hoto, ba suna, a kai ta asibiti cikin kwana uku saboda maganin kariya.

Malama_Limanci:
Subhanallah. Allah ya rufa mana asiri. Wannan ɗaukar hoton masu karɓar sadaka ya zama annoba.

Alhaji_Bagalam:
Wanga labari ya taɓa ni, Zabbau. To na ji, akwai abin da sai an koya. Amma ku ma masu takarda ku ji nawa. Na taɓa raka wata gwauruwa maƙwabciyata wani ofishi, yaron da ke zaune bai ɗaga kai ya gaishe ta ba, sa'ar kakarshi, yana ta jefo mata tambaya da Faransanci ina fassarawa, wai nawa take kashewa a wata. Ta fito tana share hawaye ta ce ta yafe. In makaranta ba ta koya mishi gaisuwa ba, mi ta koya mishi? Ni har yanzu ina nan kan cewa a fara duba hali kafin a ɗauki yaro karatun ga.

Hajiya_Asistan:
Wannan kam ba ni da abin kare shi, Alhaji. Na yi aiki da irinsu. Yawanci waɗanda suka shigo ne don ba su samu gurbin da suke so ba.

Ibro_Diplome:
Hajiya, wani kuma da hali mai kyau ya shigo, gajiya ce ta cinye shi. Mutum ɗaya, layi har waje, ba abin da zai ba su sai haƙuri. Ba ina wanke wancan yaron ba.

Rabi_Zariya2:
Ina ta rubutawa wallahi, aikinmu ya canza kama gaba ɗaya. Mushe, saura ɓangaren ƙasashen waje, shi ne ban gane sosai ba.

Mushe_Tibiri:
A taƙaice: a 1928 an yi babban taron aikin sosiyal na duniya na farko a Paris, wani likita ɗan Beljiyam, René Sand, shi ne jigon shirya shi, ƙasashe 42 suka halarta. Salomon ta jagoranci sashen horarwa. Daga nan a 1929 aka kafa kwamitin makarantun aikin sosiyal na duniya a Berlin, ita ce shugabarsa ta farko. Shi ne ya zama IASSW, ƙungiyar makarantun aikin sosiyal ta duniya ta yau. In kina son misali daga Afirka, akwai makarantar Jan Hofmeyr da aka buɗe a Johannesburg a 1941 don horar da baƙaƙen fata, Winnie Mandela da Joshua Nkomo na Zimbabuwe duk can suka yi karatu. Kusa da mu kuma akwai ENTSS, makarantar horar da ma'aikatan sosiyal, a Dakar.

Bagobiri_na_Inna:
Kada dai a manta da Inna a cikin takardar, Rabi.

Ummi_Sura:
Ku gafarce ni, tunda ga masana a nan. Akwai wani gida kusa da mu, saurayi ne ya samu taɓin hankali, sun ɗaure shi da mari a ɗaki ya daɗe, uwar tana kuka kullum amma uban ya ce ba mai fitar masa da ɗa. Mu maƙwabta mun rasa yadda za mu yi. Wa ake gaya wa? Ko in ɗauko hotonsa in turo ku gani?

Hajiya_Asistan:
A'a Ummi, kada ki ɗauki hoto, kada kuma ki faɗi layin ko sunan gidan a nan. Kada ku fara da jandarma ko ƴan sanda, uban zai ƙara rufe ƙofa. Ki nemi wanda uban yake jin nauyinsa, liman ko wani yayansa, shi za a fara zama da shi. Ki binciko mini a hankali wurin uwar: yana cin abinci? Akwai rauni inda marin yake? An taɓa kai shi asibiti, ko yana shan wani abu kafin ciwon? Ki turo mini ta akwatin sirri yau da dare, gobe in Allah ya kai mu zan haɗa ki da wanda ke kan aikin yanzu.